Yadda siffar cibiyar ƙwayar zarra da juyinta suka shafi kabon ɗin da ke jikinmu

A watan Yulin 2025, masana kimiyya a cibiyar bincike ta CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan sun gwada wani abu da ba su taɓa yi ba a babban injinsu mai kewayen kilomita 27. Sun cilla cibiyoyin ƙwayoyin zarrar oksijin suka gwara su da juna, sannan suka maimaita hakan da na iskar niyon.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suke son gani shi ne siffar waɗannan cibiyoyi. Sakamakon da suka fitar bayan 'yan watanni ya dace da abin da lissafi ya daɗe yana nunawa: cibiyar niyon doguwa ce, tana da ciki a ƙasa da ɗan wuya a sama kamar gora.

Wannan ya saɓa wa zanen da yawancin ɗalibai suka gani a littafin makaranta, inda ake nuna cibiyar ƙwayar zarra a mulmule kamar ƙwallo. A zahiri, mafi yawan cibiyoyin da aka auna sun jirkice daga wannan siffa. Wasu sun miƙe kamar dabino, wasu sun baje kamar waina, kuma da yawansu suna juyi.

Batun ya wuce sha'awar masana kawai, domin kabon ɗin da ke cikin jini da tsokar kowane ɗan'adam ya samu ne ta hanyar wani yanayi na musamman da ƙaramar cibiya ke shiga a cikin taurari.

Mece ce cibiyar ƙwayar zarra?

Duk wani abu da ake iya taɓawa, daga ruwa zuwa ƙarfe, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. A 1911 Ernest Rutherford, wanda ke aiki a Jami'ar Manchester a Ingila, ya nuna cewa kusan duk nauyin ƙwayar zarra yana tattare ne a wani ɗan wuri a tsakiyarta. Wannan wuri shi ne cibiya, kuma tana ɗauke da fiye da kashi 99.9 cikin 100 na nauyin.

Ƙanƙantarta ta wuce misali. Da za a faɗaɗa ƙwayar zarrar kabon har ta kai girman filin ƙwallo, cibiyarta ba za ta wuce ƙwayar dawa guda da aka ajiye a tsakiyar filin ba.

Abubuwa iri biyu ne a cikinta: furoton, mai ɗauke da cajin lantarki, da nutron, wanda ba shi da caji, wanda James Chadwick ya gano a 1932. Jimillarsu ita ce lambar da ake maƙala wa sunan sinadari. Kabon-12 na da furoton 6 da nutron 6, niyon-20 kuma na da 10 da 10.

Idan masana suka ce ƙananan cibiyoyi ko cibiyoyi marasa nauyi, suna nufin irin waɗannan masu 'yan ƙwayoyi kaɗan, daga biyu zuwa kamar 40. Manyan su ne irin yuraniyam-238.

Alamun farko

Babu madubin da ke iya nuna cibiya kai-tsaye, don haka sai ta hanyar sawunta ake gane siffarta.

A 1935 wasu Jamusawa biyu, Hermann Schüler da Theodor Schmidt, sun nazarci hasken da sinadarin yurofiyam ke fitarwa, suka ga wasu ƙananan bambance-bambance da ba za su yiwu ba idan cajin cibiyar ya bazu daidai ta kowane ɓangare.

Shekara huɗu bayan haka, a 1939, tawagar Isidor Rabi a Jami'ar Columbia da ke New York ta auna cibiyar haidirojin mai nauyi, wadda furoton ɗaya da nutron ɗaya ne kawai a cikinta. Ita ma sai aka tarar ta ɗan miƙe. Ke nan ko mafi sauƙin haɗi da ake da shi bai zama mulmulalle ba.

Sai dai a lokacin ra'ayoyi biyu ne ke takara kan yadda cibiya take. Na farko, wanda Niels Bohr na ƙasar Denmark ya yi fice a kai, yana kallonta kamar ɗigon ruwa, wanda ke iya girgiza, ya miƙe, har ya tsinke gida biyu. Da shi aka yi bayanin tsagewar yuraniyam a 1939.

Na biyu ya fito ne a 1949 daga Maria Goeppert Mayer a Amurka da Hans Jensen da abokan aikinsa a Jamus. Su sun ce furoton da nutron suna zaune ne hawa-hawa kamar ɓawon albasa. Idan hawa ya cika, cibiyar takan yi ƙarfi ta zauna a mulmule. Hakan na faruwa idan adadin furoton ko nutron ya kai 2, 8, 20, 28, 50, 82 ko 126. Wannan aiki ya ba su lambar yabo ta Nobel a 1963.

Kowane ra'ayi ya yi daidai a wani wuri, ya kuma gaza a wani. Tsarin hawa-hawa ya kasa bayyana dalilin da ya sa wasu cibiyoyi suka jirkice fiye da yadda lissafinsa ya nuna, har ninki da yawa.

Mutum uku da suka haɗa ra'ayoyin

A ƙarshen 1949, James Rainwater na Jami'ar Columbia ya saurari wata lacca da Charles Townes ya gabatar kan wannan giɓi. Daga nan ya kawo shawarar da ya wallafa a 1950: ƙwayoyin da ke hawan waje, wanda bai cika ba, suna jan sauran cibiyar zuwa ɓangaren da suke kewayawa, har ta miƙe ko ta baje. A irin wannan hali jirkicewar ta fi wa cibiyar sauƙi, domin makamashin da take buƙata ya fi ƙanƙanta.

A ofis ɗaya da Rainwater akwai wani matashi baƙo, Aage Bohr, ɗan Niels Bohr, wanda aka haifa a 1922, shekarar da mahaifinsa ya karɓi Nobel. Da ya koma Copenhagen sai ya haɗa kai da Ben Mottelson, haifaffen Amurka. Tsakanin 1952 da 1953 suka nuna cewa cibiyar da ta jirkice za ta iya juyi gaba ɗayanta, kuma juyin zai bar alamar da za a iya aunawa.

Su ukun sun raba lambar Nobel ta 1975.

Yadda ake gane cibiya tana juyi

A duniyar ƙananan ƙwayoyi akwai wata ƙa'ida mai ban mamaki: abin da yake mulmulalle sumul ba ya iya juyi a dunƙule. Dalili kuwa shi ne ko ta ina aka juya shi, babu abin da ya sauya, babu gaba babu baya. Sai abu yana da tsawo ko faɗi ta wani ɓangare ne juyinsa ke da ma'ana. Saboda haka duk inda aka ga alamar juyi, an samu shaidar cewa cibiyar ta jirkice.

Ƙa'ida ta biyu ita ce juyin ba ya ƙaruwa sannu a hankali kamar na mazari a hannun mai kaɗi. Tsalle yake yi daga mataki zuwa mataki kamar mai hawan tsani. A cibiyoyin da furoton da nutron ɗinsu suka zo bibbiyu ba mara, matakan juyin su ne 0, 2, 4, 6 da sauransu.

Makamashin kowane mataki yana bin lissafi mai sauƙi: a ninka lambar matakin da lambar da ke bi mata. Mataki na 2 zai ba da 2 sau 3, wato 6. Mataki na 4 zai ba da 4 sau 5, wato 20. Idan aka raba 20 da 6 za a samu 3.33.

Wannan lamba ita ce ma'aunin. Masana kan harbi cibiya da wasu ƙwayoyi don ta hau mataki na sama. Yayin da take saukowa takan fitar da hasken gama, wanda ake auna ƙarfinsa da wani ma'auni da ake kira MeV. Idan makamashin mataki na 4 ya ninka na mataki na 2 kusan sau 3.33, cibiyar juyi take yi. Idan kuwa kusan sau 2 ne, girgiza kawai take yi.

Yuraniyam-238 ya kusa cika ma'aunin: matakinsa na 2 yana kan 0.045, na 4 yana kan 0.148, rabon ya kama 3.3.

Abin da ya bambanta ƙananan cibiyoyi

Da farko an ɗauka juyi sai manyan cibiyoyi, inda ƙwayoyi fiye da 150 ke tafiya tare. Ana ganin ƙwayoyi 12 ko 20 sun yi kaɗan su haɗa kai su yi motsi ɗaya.

Gwaje-gwajen da aka yi a tsakiyar shekarun 1950, ciki har da na ɗakin bincike na Chalk River a Kanada kan alminiyam-25, sun nuna akasin haka. A 1958 wani Baturen Ingila, James Philip Elliott, ya nuna ta hanyar lissafi yadda juyi ke fitowa daga cikin tsarin hawa-hawa shi kansa, idan 'yan ƙwayoyin hawan waje suka daidaita tafiyarsu.

Alƙaluman da aka auna sun bayyana lamarin. A magnesiyam-24, mataki na 2 yana kan 1.37, na 4 yana kan 4.12, rabon ya kama 3.0. A kabon-12, 4.44 ne da 14.08, rabon 3.2. A niyon-20, 1.63 ne da 4.25, rabon 2.6.

Abu uku ne suka fito daga nan. Na farko, matakan ƙananan cibiyoyi suna da tazara sosai. Matakin farko na kabon-12 ya ninka na yuraniyam kusan sau 100, saboda ƙaramin abu mara nauyi sai ya yi gudun juyi mai tsanani kafin ya kai mataki ɗaya da babba.

Na biyu, rabon ba ya cika 3.33 daidai. Ƙaramar cibiya ba daskararriya ba ce, siffarta na sauyawa yayin da take juyi, kuma motsin ƙwaya ɗaya tak yana iya yin tasiri a kanta.

Na uku, tsanin yana da ƙarshe. A niyon-20, ƙwayoyi huɗu ne kawai a hawan waje, kuma iyakar juyin da za su iya bayarwa tare shi ne mataki na 8. Daga nan jerin ya tsaya.

Siffofin ma sun bambanta ko tsakanin maƙwabta. Niyon-20 da magnesiyam-24 sun miƙe, amma kabon-12 da silikon-28 sun baje.

Gyaɗa mai 'ya'ya biyu da duwatsun murhu

Akwai wani abu da ya keɓanta da ƙananan cibiyoyi. Furoton biyu da nutron biyu sukan manne sosai su zama ƙulli guda, wanda ake kira alfa, kuma shi ne cibiyar hiliyam. Tun 1938 Lawrence Hafstad da Edward Teller suka ba da shawarar a kalli wasu ƙananan cibiyoyi a matsayin tarin irin waɗannan ƙulle-ƙulle.

Misali mafi bayyana shi ne beriliyam-8, wanda alfa biyu ne a manne gefe da gefe kamar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Matakinsa na 2 yana kan 3.03, na 4 yana kusa da 11.4. Masana a Mumbai da ke Indiya sun auna hasken gama da ke fita tsakanin waɗannan matakai biyu, kuma sakamakon ya dace da abu mai tsawo da ke juyi.

Sai dai beriliyam-8 ba ya daɗewa. Idan aka raba daƙiƙa ɗaya gida biliyan ɗaya, aka sake raba kowane gida zuwa miliyan 10, tsawon rayuwarsa bai cika gida ɗaya ba. Daga nan sai ya rabu ya koma alfa biyu.

Kabon-12 kuwa alfa uku ne. A 2014 wata tawaga da ta yi amfani da injin Jami'ar Birmingham a Ingila ta gano wani sabon mataki a kan 22.4, wanda ya cike gurbi a jerin matakan da ake tsammani daga abu mai kusurwa uku daidai. Wato alfa ukun suna zaune kamar duwatsun murhu, kuma hakan ya dace da siffar bajewa da aka sani tun da.

Niyon-20 shi ne oksijin-16 da aka ɗora wa alfa ɗaya a kai. Daga nan siffar gorar ta samo asali.

Shi oksijin-16 yana da furoton 8 da nutron 8, duka hawayensa sun cika, don haka a zaune yake kusan a mulmule. Amma idan aka ba shi makamashin da ya kai 6.05, sai ya koma wata siffa jirkitacciya mai nata tsanin juyi. Cibiya ɗaya ke nan da siffa biyu, gwargwadon makamashin da ke jikinta.

Ƙofar da kabon ya shigo duniya

Kusan kashi 18 cikin 100 na nauyin jikin mutum kabon ne. A cikin taurari aka ƙera shi, lokacin da suka tsufa zafin cikinsu ya kai kimanin digiri miliyan 100.

Hanyar ita ce alfa biyu su haɗu su zama beriliyam-8, sannan alfa na uku ya riske su kafin su rabu. Edwin Salpeter ya yi lissafin wannan hanya a 1952. Matsalar ita ce ɗan lokacin da beriliyam-8 ke rayuwa ya yi gajarta, kuma kabon ɗin da za a samu ba zai kai yawan wanda ake gani a sararin samaniya ba.

A 1953 masanin taurari Fred Hoyle na Jami'ar Cambridge ya kai ziyara cibiyar Caltech a jihar California. Ya shaida wa masu bincike a can cewa dole kabon-12 yana da wani mataki kusa da 7.7, wanda zai sa alfa na uku ya riƙa mannewa cikin sauƙi. Hujjarsa ita ce yawan kabon da ke akwai. Tawagar Ward Whaling ta yi gwajin, ta kuma tarar da matakin a inda ya faɗa. A yau ana auna shi a kan 7.65, ana kuma kiran sa matakin Hoyle.

Ko da wannan mataki, ƙofar ƙunci gare ta. A cikin kowane 10,000 da suka shiga matakin Hoyle, kusan huɗu ne kawai ke saukowa su zama kabon mai ɗorewa. Sauran duk sukan wargaje su koma alfa. Daga waɗannan huɗun ne aka samu kabon ɗin da ke cikin hatsi da itace da jikin dabbobi.

Tsarin hawa-hawa na asali ya kasa samar da wannan mataki a lissafi, abin da ya nuna cewa siffarsa daban ce da ta kabon da ke zaune. A 1956 Haruhiko Morinaga na Japan ya ce alfa ukun a jere suke kamar tsakiya a zare. A 2012 wata tawaga da ta haɗa da Evgeny Epelbaum da Dean Lee da Ulf Meißner ta yi amfani da babbar kwamfutar cibiyar Jülich a Jamus, ta samu cewa jerin ya lanƙwashe kamar hannun da aka tanƙwara a gwiwa. Wasu masanan kuma suna kallon sa a matsayin alfa uku da ke yawo sakaka, nesa da juna.

Hanyar raba gardamar ita ce a ga yadda matakin Hoyle ke juyi. Dogon abu ya fi sauƙin hawa mataki na 2 fiye da dunƙulalle, don haka tazarar da ke tsakanin matakan za ta bayyana tsawonsa.

An shafe fiye da shekara 50 ana neman wannan mataki na 2, domin yana ɓoye a ƙarƙashin wasu matakai masu faɗi. A 2009 wani gwaji da Martin Freer ya jagoranta a ɗakin bincike na iThemba LABS da ke kusa da Cape Town a Afirka ta Kudu ya nuna alamarsa. Gwaje-gwaje a Osaka da ke Japan a 2011 da Jami'ar Duke a Amurka a 2013 suka ƙarfafa shaidar, suka sanya shi kusa da 10. Tazarar fiye da 2 da ke tsakaninsa da matakin Hoyle ta yi yawa ga miƙaƙƙen jeri irin na Morinaga, amma ta nuna abu ne da ya fi kabon na yau da kullum buɗewa sosai.

Inda ƙa'idar ta karye

Lambobin nan na cikar hawa ma an gano ba ko'ina suke aiki ba. A 1975 tawagar Catherine Thibault daga Faransa ta auna nauyin wasu cibiyoyin sodiyam masu tarin nutron a CERN, ta ga sun fi ƙarfi fiye da yadda aka zata.

Maƙwabcinsu magnesiyam-32 na da nutron 20, lambar da ya kamata ta sa ya zauna a mulmule. Amma matakinsa na 2 yana ƙasa, a kan 0.885 kacal, kuma wani gwaji a cibiyar RIKEN ta Japan a 1995 ya tabbatar da cewa ya jirkice sosai. Abin da ke faruwa shi ne wasu nutron kan tsallake zuwa hawa na gaba, domin ribar makamashin da jirkicewa ke kawowa ta fi kuɗin tsallaken.

Irin waɗannan cibiyoyi ba sa daɗewa, wasunsu ba sa kai daƙiƙa ɗaya. Don ƙera su da auna su ne aka gina manyan injina kamar na RIKEN da kuma FRIB a jihar Michigan, wanda ya fara aiki a 2022.

Sabuwar hanyar ɗaukar hoto

Duk hanyoyin da suka gabata sun dogara ne kan matakai da hasken gama. Gwajin CERN na 2025 ya bi wata hanya dabam.

Idan cibiyoyi biyu suka yi karo da gudun da ya kusa na haske, karon kan auku cikin lokacin da ya fi juyin cibiyar gajarta nesa ba kusa ba, tamkar hoton da aka ɗauka na farfelar da ke gudu ya nuna ta a tsaye. Wurin da suka haɗu yakan narke ya zama ɗigo mai tsananin zafi, wanda ke fashewa ya watsa dubban ƙwayoyi. Idan ɗigon dogo ne, ƙwayoyin sukan fi fita ta ɓangaren da ya fi siranta. Daga yadda suka watsu ake komawa baya a gano siffar abin da ya yi karon.

A 2024 tawagar STAR a ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka ta yi amfani da wannan dabara ta auna siffar yuraniyam-238. An zaɓi oksijin-16 da niyon-20 a CERN ne saboda nauyinsu ya yi kusa, amma siffarsu ta bambanta, don haka duk wani bambanci a watsuwar ƙwayoyin ana iya danganta shi da siffa. Tawagogin ALICE da ATLAS da CMS duk sun ga cewa watsuwar ta fi karkata gefe a karon niyon.

Amfanin yana tafiya ta fuska biyu. Masu nazarin wannan ɗigo mai zafi, irin wanda ya cika sararin samaniya a farkon samuwarsa, suna buƙatar sanin siffar da ya fara da ita. Masu nazarin cibiya kuma sun samu ma'auni na biyu mai zaman kansa da za su gwada lissafinsu da shi.

Ƙananan cibiyoyi ne suka fi dacewa da wannan gwaji, domin ƙwayoyinsu ba su da yawa, kuma kwamfutocin yau na iya lissafa su tun daga ƙarfin da ke tsakanin furoton da nutron ɗaya-ɗaya. Irin wannan lissafin ne ake amfani da shi wajen ƙiyasta yawan kabon da oksijin da tauraro zai bari idan ya mutu, kuma duk lokacin da ya yi daidai da siffar da aka auna, amincewar da ake yi masa takan ƙaru.